Allon Arduino Zai Amfani Ɗalibanmu, Amma Sai An Fara da Malami

'Yan uwa malamai, duk wanda ya taɓa koyar da darasin kwamfuta a ƙaramar sakandare ya san halin da ake ciki. Malami zai zana hoton kwamfuta da alli, ya rubuta sunayen sassanta, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa, alhali yawancinsu ba su taɓa bai wa wata na'ura umarni ta bi ba. Na yi shekaru ina wannan aiki, kuma da wuya in fita daga aji ina jin na sauke nauyin da ke kaina. Shi ya sa nake son jawo hankalin reshenmu zuwa ga wani ɗan allon lantarki mai suna Arduino Uno, wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba.

An ƙirƙiro Arduino a shekarar 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, Massimo Banzi, a lokacin malami ne a wata cibiyar koyar da ƙira da take garin a wancan zamani. Burinsu shi ne ɗalibin da ba injiniya ba ya sami abu mai araha da zai gwada tunaninsa a kai. Samfurin Uno ya fito a 2010. Sun kuma bar zanen allon a fili ga duk mai son ƙera irinsa, abin da ya sa kamfanoni da dama suke yin nasu, farashi ya sauka.

A tsakiyar allon akwai 'yar ƙwaƙwalwa mai suna ATmega328P, wadda ke ajiye umarnin da aka rubuta mata ko da an cire wuta. A gefensa akwai ramuka 14 na kunnawa da kashewa, shida daga cikinsu suna iya rage ko ƙara hasken fitila da gudun ƙaramin inji. Akwai wasu ramuka shida da ke karɓar awo, kamar na zafi, haske ko damshin ƙasa. Da bolt 5 yake aiki, don haka batirin cajin waya na tafi-da-gidanka ya ishe shi, kuma babu fargabar wuta ta ja yaro. Har ɗan ƙwan fitila gare shi a jikinsa, wanda ke haɗe da rami na 13. Darasin farko shi ne yaro ya rubuta 'yan layuka, ƙwan ya riƙa kamawa yana mutuwa. Idan ya canja lamba ɗaya, ya ga ƙiftawar ta ƙara sauri, abin da muka yi zango guda muna bayani a baki ya zauna masa. Gani ya kori ji.

Daga nan aji zai iya haɗa ƙararrawar da ke kaɗa kanta idan lokacin tara ya yi, ko ma'aunin da ke nuna ruwan tankin makaranta ya yi ƙasa, ko wanda ke sanar da cewa lambun makaranta yana bukatar ban ruwa. Malamin lissafi da na kimiyya da na aikin gona duk suna da rabo a ciki.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Allon ba kwamfuta ba ne: ba shi da fuskar kallo, kuma sai an rubuta umarnin a kwamfuta an tura masa ta igiyar USB. Ma'ajiyarsa kilobait 32 ce kacal. Wannan samfurin ba ya hawa intanet sai an ƙara masa wani sashe, kuma ba ya iya tayar da famfo kai tsaye sai ta wani makunni na daban. Amma kwamfuta ɗaya tana iya hidimar alluna da yawa, domin da zarar umarni ya shiga, allon ya daina bukatarta.

Na san wani zai ce ajin da rufinsa ke yoyo, yara na zaune a ƙasa, malami kuma na bin bashin ƙarin girma, ina ruwansa da wannan? Maganarsa tana kan hanya, kuma ba za mu sassauta a kan waɗannan haƙƙoƙi ba. Amma mu tuna cewa a 2016 gidan BBC ya raba wani allo makamancin wannan, mai suna micro:bit, ga yara kimanin miliyan ɗaya 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya. Da irin waɗannan yara namu za su yi gogayya gobe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da na fi tsoro shi ne abin da muka saba gani: a ba da kwangila, a sauke kwalaye, a ɗauki hoto, a kulle su a sito har ƙura ta cinye su, sannan a ce malamai ne suka gaza. Saboda haka ina roƙon shugabannin reshenmu su gabatar wa hukumar ilimi bukatu uku. A horar da malami kafin a sayo kaya, a lokacin aiki, tare da alawus ɗinsa. A ware wa darasin lokacin gwaji a jadawali. A kuma yarda cewa kayan koyo suna lalacewa a hannun mai koyo, kada a cire kuɗin allon da ya ƙone daga albashin kowa.

Kafin hukuma ta amsa, mu fara da kanmu. A cikinmu akwai waɗanda suka iya. Idan reshe ya sayi alluna biyar, aka ware Asabar ɗaya a wata muna koya wa juna, za mu je gaban hukuma da abin nunawa a hannu. Allah Ya taimaki malamai, Ya albarkaci ɗalibanmu.