Jirgin Faiba Ma Yana Ruɓewa

Tun bayan hatsarin kwale-kwalen da ya ci rayuka sama da 100 a yankin Patigi na Jihar Kwara a watan Yunin 2023, ake ta kira da a maye gurbin jiragen katako da na faiba. Kiran yana da hujja, sai dai faiba ba laya ba ce. A ƙarƙashin daɓen da yawa daga cikin jiragen nan akwai dogayen katakai lulluɓe da faiba, su ne ƙashin bayan jirgi. Ruwa kan kurɗa ta ramin ƙusa, soson ciki ya sha ya riƙe, katako ya ruɓe, alhali waje na ta sheƙi.

Idan daɓe ya fara lotsawa, shimfiɗa sabon katako a kansa kitso ne da ƙwarƙwata. Gyaran gaskiya shi ne a tokare jirgin don kada ya karkace, a yanke daɓen, a kwashe jiƙaƙƙen soso da ruɓaɓɓen katako, a busar, sannan a dasa sabo a rufe shi ruf da gam da faiba. Aikin yana cin kuɗi, shi ya sa wasu ke kauce masa. Fasinja ba ya ganin ƙarƙashin daɓe, don haka wajibi ne jami'an hukumar NIWA su duba masa.