Waiwaye: Wasiƙar Marjorie Rice

Duk mai shimfiɗa tayil ya san cewa mai gefe huɗu yana rufe daɓe ba ya barin rata. Haka mai gefe uku, haka mai gefe shida irin na saƙar zuma. Mai gefe biyar ne ke da taurin kai. In gefunansa da kusurwoyinsa duka daidai suke, kowace kusurwa digiri 108 ce. Uku suka haɗu sun ba da 324, saura 36 kafin a cika 360, na huɗu kuwa ba shi da wurin shiga. Amma in aka tsawaita wannan gefe aka rage wancan, akan sami masu gefe biyar da ke rufe daɓe tsaf. Abin da masana lissafi suka daɗe suna nema shi ne iri nawa ne, in aka tsaya kan waɗanda babu kusurwarsu da ta lotsa ciki.

A 1918 wani Bajamushe, Karl Reinhardt, ya kawo iri biyar. A 1968 Richard Kershner na Jami'ar Johns Hopkins ya ƙara uku, ya ce magana ta ƙare a takwas, kodayake bai buga cikakkiyar hujjarsa ba. A watan Yulin 1975 Martin Gardner ya ba da wannan labari a shafinsa na mujallar Scientific American. Ba a jima ba wani mai karatu, Richard James, ya aiko da na tara, Gardner ya buga a watan Disamba.

Mujallar ta ɗan Marjorie Rice ce, amma ita takan riga shi karanta shafin Gardner. Matar aure ce a San Diego, uwar 'ya'ya biyar, ba ta yi jami'a ba, lissafin da ta yi a sakandare ma kaɗan ne. Da ta ga takwas ta zama tara, sai ta ce to me zai hana goma? Ta riƙa zane a teburin kicin in ta sami sarari, ba ta gaya wa mutanen gidan ba. Da yake ba ta san alamomin da masana ke aiki da su ba, sai ta ƙirƙiro nata: ƙananan zane-zane da ke nuna kusurwoyin da za su haɗu a wuri guda. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana jefar da wanda ba zai yiwu ba. A watan Fabrairun 1976 ta rubuta wa Gardner cewa ga wani iri da ba ya cikin jerin.

Wannan wasiƙa ce abin dubawa ga duk wanda ke zaune da wani abu a hannu yana ganin ya gano sabon ilimi. Rice ta san inda sanin mutane ya tsaya, domin jerin taran yana gabanta, kuma da shi ta gwada nata kafin ta buɗe baki. Da yawa daga abin da mutum ke zaton sabo ne, an rubuta shi tun kafin a haife shi, kuma masani yakan gane haka daga layin farko. Sannan ba ta ce ta rushe lissafi ba. Siffa ɗaya ta aika, da zanenta, da yadda ta same ta, abin da wani zai iya ɗaukar ma'auni ya bi diddiginsa ko da bai taɓa jin sunanta ba. Gani ya kori ji. Ba ta kuma nemi shugaban wata jami'a ko gidan talabijin ba. Wanda ya tayar da maganar shi ta rubuta wa, domin shi ya san waɗanda suka damu da ita.

Abin yana damuna idan na ga yadda muke yi. Mutum ya ce ya haɗa magani ko ya ƙera inji, sai ya fara da gidan rediyo da Facebook, ya kuma ɓoye yadda ya yi don kada a sace masa. Tsoron ba na banza ba ne, ana cin gumin mutane. Amma abin da aka ɓoye ba mai iya tabbatar da shi, wanda ba a tabbatar ba kuwa yakan mutu da mai shi. In ilimi ne ake son a shaida, rubutu mai kwanan wata da ya isa hannun mutanen da suka san fannin ya fi ɓoyo kare sunan mutum.

Gardner ya miƙa wasiƙar ga Doris Schattschneider, malamar lissafi a kwalejin Moravian da ke Pennsylvania. Takarda ce daga wadda ba ta da digiri, cike da alamomin da babu su a kowane littafi, irin wadda malamai da yawa za su tura ƙarƙashin fayil. Ita ta zauna ta koyi alamomin, ta mayar da su yadda masana za su karanta, ta ga aikin daidai ne. Suka ci gaba da musayar wasiƙu, kafin ƙarshen 1977 Rice ta kawo iri huɗu. A 1978 Schattschneider ta buga bayanin a mujallar Mathematics Magazine, ta danganta wa Rice abin da yake nata. Ina ganin malaman jami'o'inmu suna da nasu darasin a nan, domin rabin aikin na mai karɓar wasiƙa ne.

Bayan na Rice, Rolf Stein ya sami iri na 14 a 1985. Na 15 sai a 2015, da taimakon kwamfuta, a hannun Casey Mann da Jennifer McLoud-Mann da David Von Derau. A 2017, shekarar da Rice ta rasu tana da shekara 94, Michaël Rao na Faransa ya gabatar da hujjar kwamfuta cewa babu na 16.

Hanyar da Rice ta bi kuma ba ta toshe ba. A watan Nuwamban 2022 David Smith, tsohon ma'aikacin ɗab'i a Ingila, ya sami wata siffa mai gefe 13 da ke rufe daɓe ba tare da tsarinta ya taɓa maimaita kansa ba. Ya yanka ta a kwali ya jera ya gwada, sannan ya rubuta wa Craig Kaplan na Jami'ar Waterloo a Kanada. Kaplan ya jawo Joseph Myers da Chaim Goodman-Strauss suka kafa hujja, takardar ta fito a watan Maris na 2023 da sunan Smith a farko.