Wa zai biya direban da aka hukunta bisa awon ƙarya?

A watan Maris na 2015 Ingila ta kafa doka mai tsanani kan tuƙi cikin mayen ƙwaya. Direban da aka samu da abin da ya wuce ƙa'ida a jininsa, ana karɓe masa permi na shekara guda aƙalla, ban da tara ko kaso. Jama'a ta yi tafi. Ba a cika shekara biyu ba asiri ya tonu: a farkon 2017 aka gano cewa a ɗakin awon jini na kamfanin Randox da ke Mancesta an yi wasa da alƙaluman da ke tabbatar da ingancin awo. Shari'u fiye da 10,000 suka shiga zargi, akasarinsu na direbobi. Zuwa Disamba 2018 kotuna sun soke hukunci 41, an kuma yi watsi da wasu ƙararraki kimanin 50.

Can ma Amurka, a jihar Masacuset, kotun ƙoli ta jihar ta share hukunci fiye da 21,000 na laifin ƙwaya a 2017, saboda ma'aikaciyar awo guda ɗaya, Annie Dookhan, wadda ke rubuta sakamakon abin da ba ta auna ba.

Waɗannan ƙasashe ne masu na'urori da lauyoyi da kuɗi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Babu mai musun cewa tramol ya yi wa Nijar ɓarna. Duk wanda ya tsaya bakin titi a Dar es Salam da maraice, lokacin da ma'aikata ke tashi daga aiki, ƴan kasuwa na rufe shaguna, ya ga irin tuƙin da mai hankali ba ya yi. Iyaye sun binne ƴaƴa. Don haka masu cewa a kama, a ɗaure, suna da dalilin fushi. Sai dai fushi ba hujja ba ne, jan ido kuma ba shaida ba ne: direban taksin da ya kwana bisa sitiyari idonsa ja ne, haka na mai zazzaɓi.

Tramadol kansa magani ne da likita ke rubutawa a miligiram 50 ko 100. Wanda ake fasa-ƙwabrinsa kan kai 225 ko 250. Awon da ya tsaya ga cewa “akwai” ko “babu”, bai faɗi yawa ba, ya haɗa majinyaci da mashayi a tabarma ɗaya. Alƙalin da ya karɓi takardar awo ido rufe ya miƙa kujerarsa ga wani ma'aikaci wanda ba a gani ba, ba a kuma yi masa tambaya ba.

Masu saurin hukunci kan ce: ai akwai ɗaukaka ƙara. Haka ne, akwai. Amma da wane kuɗi? Kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta zauna kan batun talaka, mai mota ya ba wani makulli, mai gida ya fitar da iyali, ƴan unguwa sun laƙaba masa sunan ɗan ƙwaya. Ma'aikacin gwamnati kuwa aikinsa ne ke rawa, ɗan kasuwa amanarsa. Kotu na iya soke hukunci da layi biyu. Ba ta mayar da watannin da aka yi a gidan kason Yamai, wanda cunkosonsa ba ɓoyayye ba ne.

Abin da ya wajaba ga ma'aikatar shari'a a fili yake. Duk jinin da aka ɗiba a raba shi biyu, a like, a ajiye rabi domin wanda ake tuhuma ya nemi awo na biyu a wani wuri. Wanda ya yi awon ya zo gaban alƙali ya amsa tambayoyi. Ɗakin awon kansa a riƙa bincikensa daga waje. Wanda aka wanke a mayar masa da permi nan take, baitulmali ya biya shi diyya, a kuma bayyana wankewar da ƙarfin muryar da aka bayyana kamun.

Hukunta marar laifi bai taɓa rage haɗari ko ɗaya ba. Ranar da aka rufe shi, mashayin gaske na bisa titi da fasinja cike da mota.