Injin V8 a cikin ƙaramar mota: Kafin a ƙara gudu, a fara tambayar birki

A TikTok da YouTube akwai bidiyoyi birjik na ƙananan motoci da aka cire musu injinsu na asali aka dasa musu ƙaton inji mai fulogi shida ko takwas. Motar na ruri, taya na hayaƙi, 'yan kallo na shewa. Matashin da ke kallon wannan a Gawuna, cikin ƙaramar hukumar Nassarawa a Kano, bai rasa inda zai kai sha'awarsa ba. Kasuwar Ƙofar Ruwa na cike da injinan Beljiyam, kuma garin ba ya rasa bakaniken da zai ce masa: "Kawo ta, za ta shiga."

Tabbas za ta iya shiga. Sai dai shigar injin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke da wuya, kuma yake cin kuɗi, shi ne sauran motar.

A ɗauki misalin Toyota Starlet. Injinta lita 1.3 ne mai fulogi huɗu, kuma nauyinta gaba ɗaya bai kai tan guda ba. Shi kuwa injin V8 na Lexus LS400, wanda ya fito a 1989, lita 4 ne mai ƙarfin doki 250, wato kusan ninki uku na abin da aka ƙera Starlet ta ɗauka.

Matsalar ba a ƙarfi kaɗai ta tsaya ba. A Starlet injin kwance yake a gicciye, yana jan ƙafafun gaba. Na Lexus a tsaye yake daga gaba zuwa baya, yana tura ƙafafun baya. Kafin a haɗa su sai an yanka ƙarfen da ya raba ɗakin inji da mazaunin direba, an tsaga ƙasan motar don giyabos da farfela su samu hanya, an kuma sauya ƙafar baya ɗungurungum. A irin waɗannan ƙananan motoci bodin shi ne shasin. Duk inda aka yanka aka yi walda da ka, an taɓa ƙashin da zai kare mutum ranar haɗari.

Sai batun nauyi. Idan gaba ya yi wa baya rinjaye, motar kan ƙi bin sitiyari a kwana, ta miƙe inda direba bai nufa ba. Ga lagireto, wanda aka yi don ƙaramin inji, a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ga wayarin da birenbos, waɗanda in aka yi musu haɗin gambiza kusa da bututun mai, gobara ce ke jira.

Babbar magana ita ce birki. Lissafin ba ya sauyawa: idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya bayan an taka birki takan ninku sau huɗu. Motar da a da take jan jiki kafin ta kai kilomita 120 a awa, yanzu za ta kai cikin daƙiƙu kaɗan, amma da ƙaramin birkin da aka ƙera mata da siraran tayoyinta. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Masu sha'awar wannan aiki sukan ce ai Turawa ma suna yi. Gaskiya ne, kuma tarihinsu ya cancanci a karanta shi har ƙarshe. A 1962 Carroll Shelby ɗan Amurka ya sa injin V8 na Ford a cikin ƙaramar motar AC Ace ta Ingila, aka samu shahararriyar Cobra. Amma da ya zo sa injin lita 7 a 1965, sai da aka sake shasin da bututun ƙarfe mafi kauri, aka sauya tsarin ƙafafun. Kamfanin Renault na Faransa da ya fitar da Clio mai V6 a 2001, cire kujerun baya ya yi, ya ajiye injin a wurin, ya faɗaɗa motar. Volkswagen kuwa sabon inji siriri ya ƙera, wato VR6, don ya dace da gaban Golf 3, irin motar nan da ta cika tashoshin Arewa. Babu ɗayansu da ya dasa inji kawai ya miƙa makulli.

Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A wannan harkar karin maganar ba ta cika ba, domin ba bakin mai motar kaɗai zai ƙone ba. Titunan Nassarawa GRA irin su Ahmadu Bello da Audu Baƙo da Race Course suna da faɗi da santsi, suna kiran mai son gwada ƙafa. Amma hanyoyin gari ne, da 'yan makaranta, da masu Adaidaita Sahu, da almajirai, da mai tura baro. Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. Yaron da ke tsallaka titin Haɗeja ba a yi shawara da shi ba lokacin da ake zaɓen inji a gareji.

Akwai kuma takardu. Lambar inji na cikin bayanan rajistar mota. Wanda ya sauya inji bai sanar ba, ya bar motarsa da takardun da ba su bayyana ta ba, kuma ya ba kamfanin inshora hujjar jayayya ranar da ake neman diyya. Wanda aka buge ne zai fi shan wahalar wannan jayayyar.

Ko aljihun mai motar ma bai tsira ba. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000 a 2024. Shi ya sa masu motoci da dama suke bin akasin wannan hanya, suna guje wa mai fulogi shida ko suna mayar da mota mai amfani da gas ɗin CNG.

To a hana ke nan? Hani kawai ba zai yi aiki ba, kuma zai zama asara. Bakaniken da zai iya haɗa injin Lexus da bodin Starlet har ta tashi, gwani ne, kuma da yawansu a gindin bishiya suka koyi aikin ba a aji ba. Irin wannan basirar ce ake buƙata a aikin sauya motoci zuwa gas da gyaran na zamani. Abin da ya rage shi ne a yi mata ƙa'ida.

Jami'an VIO su wajabta duba duk motar da aka sauya wa inji da wanda ya fi nata girma, a gwada birki da walda da tayoyi, a gyara takardu kafin ta hau titi. Hukumar FRSC da KAROTA su daina tsayawa kan takarda kaɗai, su riƙa buɗe bonet. Ƙungiyoyin makanikai su amince a tsakaninsu cewa ba a sallamar irin wannan aikin sai an ɗaga birki da ƙafafu daidai da injin. Gwamnatin jiha kuma ta ware fili a wajen gari inda masu son tsere za su yi abinsu da hular kwano, da motar asibiti a gefe.

Shi kuwa matashin Gawuna da ya tara kuɗin inji, ga ma'auni mai sauƙi: idan kuɗin ba su isa birki da shokazoba da taya da lagireto ba, to ba su isa injin ba. Ya bar Starlet ɗinsa da fulogi huɗunta.