Taswira Ba Ta Zuwa Majalisa da Ƙafarta

Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba su zo wa masana tsara birane da mamaki ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗeja ya daina janyewa da rani kamar dā. Ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyinsa, ruwa ya koma bin gonaki da gidaje. Doka ma akwai ta: Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992.

Abin da ya rage shi ne kuɗi, kasafi kuwa sai majalisa ta amince. Rahoton da ke kwance a ofis a Dutse ba ya tayar wa ɗan majalisa hankali. Masu ƙuri'a ke tayar masa. Ya kamata masanan su sauko Kaugama, su baje taswira gaban dagatai da manoma da malaman makaranta, su nuna unguwar da ruwa zai fara ci. Sannan a ɗunguma wurin wakilin Malam Madori da Kaugama tun ana shirya kasafi, a nemi kuɗin yashe magudanai, kafin damina ta mayar da maganar ta rabon tabarmi da buhunan masara.