Ra'ayinmu: Mai Gudun Lissafi, Ina Za Shi?

Yanzu da shekarar karatu ta doshi ƙarewa, 'yan'uwanmu na ajin farko a Tsangayar Kimiyya sun iso mararraba. Sun shekara suna ɗanɗana lissafi da fiziks da kemistiri a zaure guda, ga shi lokaci ya yi da kowa zai tsai da shawara a kan sashen da zai zauna har ya karɓi digiri. Wannan mujalla tana ganin wajibi ne ta tsoma baki, domin hukuncin da mutum zai yanke cikin 'yan makonnin nan zai bi shi shekara uku a aji, watakila kuma shekara talatin a wurin aiki.

Abin da muke ji a ɗakunan kwana da gindin itatuwa bai kwantar mana da hankali ba. Wani ya ce kemistiri zai yi, don abokinsa can ya nufa. Wani ya ce jiyoloji, wai ya ji akwai kuɗi a kamfanonin mai. Mafi yawa kuwa, in aka tona, dalilinsu ɗaya ne, wato suna neman inda za su ɓuya wa lissafi. To, waɗannan muna gaya musu tun da wuri cewa sun gudu ne ba su tsira ba.

Mai kemistiri ba zai san saurin haɗuwar sinadarai ko yawan zafin da za su fitar ba sai da lissafi. Mai jiyoloji da ke neman ruwa ko mai a ƙarƙashin ƙasa, da lissafi yake fassara abin da na'urarsa ta auna. Fiziks kuwa ba a ma magana. Rediyon nan da kowane gida ke saurare, a kan takarda aka fara gano asalinsa: Maxwell ya nuna da lissafi a 1865 cewa akwai igiyoyin lantarki masu ratsa sarari, sai bayan shekara fiye da ashirin Hertz ya tabbatar da su a ɗakin gwaji. Marie Curie, wadda ta sami kyautar Nobel a fiziks a 1903 da kuma a kemistiri a 1911, digiri biyu ta fara yi a Faransa, na fiziks a 1893, na lissafi a 1894.

Masu cewa lissafi baƙon ilmi ne gare mu, ko kuma ba ya kai mutum ko'ina, su tuna da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya wallafa littafi a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Su tuna kuma da Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Ba muna cewa kowa ya tafi Sashen Lissafi ba ne. Abin da muke cewa shi ne, a fitar da tsoro daga cikin ma'auni, sa'an nan a dubi irin wahalar da kowane fanni ke ɗauke da ita, gama babu wanda ba shi da tasa. Mai lissafi yakan kwana bakwai a kan matsala guda, daga shi sai fensir da takarda. Mai fiziks yakan auna abu ɗaya sau goma, ya zauna yana bin diddigin kuskuren awonsa. Mai kemistiri yakan wuni tsaye a ɗakin gwaje-gwaje, ɗigo ɗaya ya ɓata masa aikin yini. Mai jiyoloji yakan hau duwatsu cikin rana da guduma da taswira. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wacce daga cikin waɗannan za ka iya jurewa ba tare da an tsaya a kanka ba? Nan gonarka take. Kowa ya daka rawar wani, zai rasa turmin daka tasa.

Saboda haka muna ba da shawara, kafin kowa ya sa hannu a takarda, ya nemi jerin darussan ajin ƙarshe na sashen da yake so ya karanta, ya zauna da 'yan ajin ƙarshen ya tambaye su, ya kuma dubi sakamakon jarrabawarsa da idon gaskiya. Matambayi ba ya ɓata.

Muna kuma kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da su roƙi shugabannin sassan nan su keɓe rana guda ta yi wa 'yan ajin farko bayani. Makarantun sakandare da muka baro suna kukan ƙarancin malaman lissafi da fiziks, kuma ƙannenmu da ke can, mu suke jira. Allah Ya yi mana jagora, Ya sa kowa ya dace da abin da zai amfane shi, ya amfani al'umma, amin.