RA'AYI: Kafin ka kawo kifi gida, ka tambayi abin da zai ci

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Kankiya, wani ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, dubi wannan. A ina ake samunsa a Kano?"

Bidiyon wani ɗan kifi ne da bai fi tsawon yatsa ba. Jikinsa shuɗi da kore da ruwan lemo, kai ka ce aikin zare ne a wuyan babbar riga. Yana ta tsattsagar wani abu a jikin dutse cikin akwatin gilashi. Yaron ya buɗe shagon cajin waya, yana neman abin da zai tsayar da masu wucewa.

Na ce masa, "Me yake ci?"

Ya ce, "Abincin kifi mana."

Wannan amsa ce ta sa na yi wannan rubutu, domin ita ce ke kashe kifin da ya gani a waya a ƙasashen Turai da Amurka, kuma ita ce ke cinye jarin matasanmu masu kiwon tarwaɗa a nan gida.

Wane kifi ne wannan?

Sunansa mandarin. An laƙaba masa sunan ne saboda launinsa ya yi kama da rigunan ado na manyan ma'aikatan fadar sarakunan Sin na da. Kifin ruwan gishiri ne da ke rayuwa a yammacin tekun Fasifik, daga tsibiran kudancin Japan har zuwa Ostareliya. Yawancin waɗanda ake sayarwa a duniya daga tekun Filifin da Indonesiya ake kamo su.

Tsawonsa ba ya wuce santimita 6 zuwa 7. Kamar tarwaɗa, ba shi da ɓawo a jiki, sai wani yauƙi mai wari da ɗaci da ke korar manyan kifaye. Cuta ba ta cika damunsa ba. Abin da ya fi kashe shi a gidajen mutane shi ne yunwa.

Mandarin ɗin da aka kamo daga teku bai san abincin kifi na buhu ba. Abincinsa wasu ƙananan halittu ne masu rai, dangin jatan lande, da ake kira kofifod, waɗanda girmansu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Kuma ba ya cin abinci sau biyu a rana ya kwanta. Yini yake yi yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza a bakin rumbu.

Saboda haka mai son kiwonsa sai ya fara kiwon abincinsa. Waɗanda suka ƙware sukan ce a tanadi akwati mai cin lita 200 zuwa 300, a cika shi da duwatsun teku, a bar shi kamar wata shida har kofifod su hayayyafa, sannan a saka kifi ɗaya tal. Wanda ya yi gaggawa, kifin zai share abin da ke cikin akwatin a 'yan makonni. Daga nan cikinsa ya shafe, ya riƙa ramewa a hankali, launinsa na nan da kyau, maigidan yana ta ɗaukarsa hoto. Mandarin ba gaiwa ba ne da zai shige laka ya jira damina.

Lissafin teku a Kankiya

Na ce wa ƙanen nawa mu yi lissafi tare. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Akwatin lita 200 zai ci kilo 7 ke nan. Kuma gishirin miya ba zai yi ba, sai wani haɗi na musamman da ake shigowa da shi daga waje.

Ruwan yana son zafin digiri 24 zuwa 27. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan taɓa 40, da hunturu kuma ruwan randa ma sai an ɗumama. Ga iskar hunturu da ke shanye ruwa ta bar gishiri, kullum sai an ƙara tataccen ruwa don kada gishirin ya yi yawa. Ga famfon da ke juya ruwa, wanda ba a kashe shi dare da rana. Duk wanda ke zaune a Kankiya ko Kusada ya san yadda wutar lantarki take, ba sai na faɗa ba.

Wani zai ce ai kuɗinsa ne, kuma a Legas da Abuja akwai masu akwatunan ruwan gishiri. Gaskiya ne. Haka kuma yanzu akwai kamfanoni a waje da ke ƙyanƙyashe mandarin a hannu, su saba masa da abincin roba tun yana ƙarami, kuma irin wannan ya fi sauƙin riƙewa. Ban ce haramun ba ne. Wanda ke da sola mai ƙarfi da ilimin abin da haƙurin wata shida, bismillah. Amma kuɗi ba ya sauke haƙƙin rai. Kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Kifin da ke cikin gilashi ya fi kyanwar nan rashin mafita.

Kuskuren ɗaya ne da na tarwaɗa

Watakila mai karatu ya ce mutum nawa ne za su sayi mandarin a Katsina? Kaɗan ne. Amma masu yin irin wannan kuskure da tarwaɗa ba su ƙirguwa.

Na san wani matashi a ƙasar Kusada da ya kafa tankin tamfol a bayan gidansu. Ya zuba 'ya'yan tarwaɗa 1,000, ya sayi buhu goma na abinci, kuɗinsa suka ƙare. Ya ce in kifi ya fara girma Allah zai kawo.

Ga abin da bai lissafa ba. Ko da abinci mai kyau da kulawa, kowane kilo na tarwaɗa yana cin kusan kilo guda na abinci, sau da yawa ma fiye. Kifi 1,000 da ake so kowanne ya kai kilo ɗaya zai ci tan guda. Buhun abincin kifi kilo 15 ne. Wato buhu 67 ke nan, in komai ya tafi daidai. Shi goma ya saya. Masana harkar sun daɗe suna faɗa cewa abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kifi.

Da abincin ya ƙare sai ya koma dusa da ragowar tuwo da kayan cikin kaji. Ruwa ya ɓaci, kifi ya daina girma. Tarwaɗa kuwa in ta ji yunwa 'yar'uwarta take ci, manya suka bi ƙanana. Ƙarshe ya kwashe abin da ya rage ya sayar wa masu banda da asara, ya naɗe tamfol. Yau in ka yi masa maganar kifi sai ya ce ba riba a ciki. Riba tana nan, lissafi ne babu.

Abin mamaki, iyayenmu ba sa yin wannan kuskure da tumaki. Babu magidancin da zai ɗaure ragon kiwo bai tara harawa da karmami tun da kaka ba. Uwargida ma kafin ta sayi 'yar akuya ta san inda dusa za ta fito. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da aka zo kan kifi sai muka manta, saboda a waya muka gan shi, kuma bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna buhunan da aka zuba.

Abin da ya kamata

Na farko, mai sayen kifi, na ado ne ko na kasuwa, ya rubuta kuɗin abincinsa tun daga ranar farko har ranar ƙarshe. In buhu 20 kuɗinka za su saya, zuba kifi 250 zuwa 300, kada ka zuba dubu.

Na biyu, masu sayarwa su ji tsoron Allah. Wanda ya miƙa wa yaro kifi a leda bai gaya masa abin da yake ci ba, da hannunsa a mutuwar kifin da asarar yaron.

Na uku, masu raba tallafin sana'a su sani cewa tanki da 'ya'yan kifi su ne ɓangare mai arha. Ba wa mutum goma kifi da abincin da zai kai su kasuwa ya fi ba wa mutum ɗari kifi da buhu bibbiyu. Kuma ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a maƙwabtanmu, tana da sashen nazarin kifi da kiwonsa. Tambaya ba ta da tsada.

Mai son ado kuma bai rasa abin yi ba. Akwai kifayen ruwan daɗi irin su gofi da kifin zinare, masu cin abincin roba, masu jure yanayinmu in an kula da ruwansu. Nijeriya ma da kanta tana fitar da kifayen ado na kogunanta zuwa Turai ta Legas. Muna da namu, ba mu duba ba ne.

Ƙanen nawa dai ya haƙura da mandarin. Ya sa ƙaramin akwati a shagonsa da gofi guda shida, yana canza musu ruwa duk mako, yara na tsayawa kallo in an tashi daga Islamiyya. Kwanan baya ya kira ni ya ce, "Yaya, sun haihu." Na ce ya fara lissafin abincin 'ya'yan.